Kirarin Kawu a Gidan Ƙanƙara

Muna idar da sallar asuba muka bar masaukinmu a titin Huanshi Lu, a kudancin China inda nake karatu, ni da kawuna, ɗan kasuwa daga Kano wanda nake yi wa tafinta idan babu lacca. Matar da yake sarin riguna a wurinta a kasuwar Canaan ce ta gayyace mu mu raka ta. Tana ɗingishi, shi ya sa kullum Kawu yake bin ta da “sannu, baiwar Allah”.

A jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ta ba mu labarinta. Ashe ’yar arewacin China ce, kuma gwanar tseren gangarowa daga tsauni a kan dusar ƙanƙara. Tun tana yarinya ta fara, ta riƙe kambun ƙasarsu, ta wakilce su a Turai, har ranar da gwiwarta ta karye ana tsakar gasa. Daga ranar ba ta sake hawa ba. Yanzu an yi mata tayin koyar da yara a wani wurin wasan ƙanƙara, inda muka nufa, da sharaɗin ta gangaro sau ɗaya a gaban masu wurin. Ta ce in ta kasa, ta haƙura da harkar har abada.

Wurin a bayan gari yake, wani makeken gini ne da aka cika da ƙanƙarar inji. A waje zufa muke yi, a ciki haƙora na kaɗawa. Kuɗin shiga ya sa Kawu salati, rigar sanyin haya kuma ta ƙi rufe masa ciki. Da dafaffiyar masara muka karya, ita ma da tsadarta.

Ta ɗaura dogayen katakan zamiya a ƙafa, ta riƙe sanduna biyu, ta hau can ƙololuwa, ta tsaya. Mutum uku suka wuce ta, ba ta motsa ba. Masu wurin suka fara duba agogo.

Kawu ya yi dambe da ƙuruciya, abin da ba ya so a tuna masa tun da ya je Makka. Ya dube ni ya ce, “Kai, wai ba makaɗi a nan? Haka ake sakin gwani fili shiru?”

Na ce, “Kawu, nan China ne.”

Bai saurare ni ba. Ya ɗaga murya: “Ke ce mai kambun ƙasa! Ke kika je Turai kika dawo da zinare! Tsauni ya san ki, gwiwa ba ta isa ba!”

Na ji kunya ƙwarai, don kowa ya juyo. Ita ko kalma ɗaya ba ta gane ba, amma ta hango dattijo cikin matsattsiyar riga yana ihu da hannu a sama. Ta yi dariya, ta soka sandunanta, ta sako. Ba gudun gasa ta yi ba. A hankali ta riƙa karkacewa dama da hagu, har ta tsaya gabanmu tana haki, idonta jawur. Aka ba ta aikin.

Bayan azahar muka dawo, Kawu yana ta atishawa, ya kuma gargaɗe ni kada labarin ya kai Kano. Abin da na tsinta a tafiyar shi ne, mun daɗe muna kallon ƙafar matar nan ba mu taɓa tambayar me ya karya ta ba. Washegari a shago ta taso da ɗingishinta kamar kullum. Kawu bai ce mata sannu ba. Hannu ya dunƙule, ya yi mata jinjina.