Ranar da Na Ara wa Baba Ido

Jiya na wuce wani shagon gyaran rediyo a Dogo Tebo, ƙaurin dalma ya bugi hancina. Sai Baba ya faɗo min a rai.

A ƙarshen rayuwarsa idonsa ya yi rauni, amma ya ƙi barin gyaran amfilifaya, tsohuwar na'urar ƙara sautin nan mai kwalaben lantarki a ciki. Wata rana ya canza manyan kwalabe biyu, ya kira ni. Lokacin ina zuwa yaƙi da jahilci.

"Uwata, zo ki ara min ido. In wuta ta yi musu yawa, ja za su yi su ƙone, a ce tsufa ya gama da ni."

Ya jona mita, muka jira suka ɗumama. Yana murza ɗan noti, ina karanta masa lambobi.

"A hankali dai. Sabuwar kwalba baƙuwa ce, sai an auna mata."

Da lambar ta kai inda yake so, ya sa kaset, sauti ya fito tas. Ya ɗora tafinsa a kan akwatin amfilifayar.

Allah ya haskaka kabarinka, Baba, ya sa ka huta.