Dattijo da Tsibirin Wasu

Kowace Asabar Rumasa'u, ɗalibar jami'a a ƙasar waje, takan gan shi a titin Elm, tsaye gaban shagon masu sayar da tikitin jirgi. Dattijo ne siriri cikin kakin masu goge-goge, hularsa duk ta koɗe. Hoton wani tsibiri yake kallo ta gilashi: tsohuwar ganuwa a bakin teku, gidaje masu baranda, hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Yana bin titunan cikin hoton da ɗan yatsa, leɓɓansa na motsi. Takan ɗauka tafiya yake shiryawa.

Yau ta ji ashe Hausa yake yi. Ta rusuna ta gaishe shi.

"Baba, garinku ne?"

"A'a, 'yata, Puerto Rico ce. Amma sak Fernando Po, inda aka haife ni. Shekara tara ke nan da aka kwaso mu 'yan Najeriya a jirgin ruwa, ko sallama babu."

Yatsan ya tsaya bayan hasumiyar.

"A namu tsibirin, wajen nan maƙabarta take. Uwar 'ya'yana na can. Ban san mai cire mata ciyawa ba."

Daga ciki wata ma'aikaciya ta fara ɓamɓare hoton, za ta liƙa sabo. Yatsan dattijon na nan manne da gilashin.