Maganin da Yawa Ya Hana Shi Aiki

Ko na tsufa ba zan manta da ranar Talatar da na kusa zubar da aikina a kwandon shara ba. Kafin in dawo Tanut in riƙe farmasin nan, na yi horo a wani labo na binciken magunguna a Faransa.

A jikin mutum akwai wani furotin, kinase, mai ba ƙwayar halitta umarnin ta hayayyafa. In ya ƙi yin shiru, sai ciwon daji ya taso. Magungunan da aka saba toshe masa baki suke yi. Namu kuwa hannu biyu gare shi: ɗaya ya kama kinase, ɗaya ya jawo furotin mai shafa wa shara alama, sai jiki ya niƙe mugun da kansa.

An ce in nawa bai yi aiki ba a gwajin ƙarshe, za a rufe aikin in koma gida hannu rabbana. Don zumuɗi na zuba wa ƙwayoyin halittar da muke gwaji a kansu magani da yawa. Hoton gwajin ya fito, ga baƙin layin kinase da ya kamata ya ɓace yana nan daram, ko gezau.

Madam, shugabar labon, ta duba ta ce, "Musa, ka cika musu ciki. Tsarma shi sosai, ka sake."

Na ce, "Madam, mai yawa bai yi ba, kaɗan ne zai yi?"

Ta ce, "In ya yi yawa, wasu daga cikin maganin su riƙe kinase, wasu su riƙe mai alama. Wa ya rage ya haɗa su?"

Nan take na ga kasuwar raƙuma ta Belbeji. Dillalai sun yi cincirindo, waɗannan sun janye Buzu mai raƙumi, waɗancan sun janye mai saye, har la'asar ba a sa hannu a hannu ba.

Na tsarma, na sake. Da hoton ya fito, layin babu shi, wurin fari fat. Na zauna ina ta "Subhanallahi". Ashe a cikin abin da ido ba ya gani, Allah Ya ajiye mai alama da maniƙa, jira kawai suke a haɗa su. Aka bar mini aikina.

Ku yaran da ke aiki a farmasin nan, ku riƙe wannan. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ban musa ba. Amma in majiyyaci ya roƙe ku ƙarin ƙwaya don ya warke da wuri, ku ce masa a wurin magani, sarkin daidai ya fi su duka.