Ranar da Bazo Ya Sauke Amawali

A garin Timiya, can arewa da Agadas, inda maza ke rufe baki da rawani, idan uwa tana son ta gyara ɗanta da ya fara naɗa rawani, Bazo take nuna masa. "Dubi mutum! Ka taɓa ganin ko karan hancinsa?" Kuma da gaskiyarta. Sauran maza sukan sassauta amawali idan rana ta take, amma Bazo, ko yana bin raƙuminsa gaba da baya a bakin rijiyar lambu suna jan ruwa, gumi na tsiyaya, ƙyallen nan na ɗaure har ƙarƙashin ido. Shayi ma ta ƙasa yake cusa kofin. Gari ya yi ta yabon kunyarsa, shi kuwa yana karɓar yabon kamar kayan aro.

Abin da ke bayan ƙyallen, matarsa Tekna kaɗai ta sani. Tun yana saurayi yake fama da ƙwannafi. Da ya ci abinci sai ruwa mai tsami ya taso masa har maƙogwaro, ƙirji ya ɗauki zafi, baki ya yi wari irin wanda asuwaki ba ya iya masa. Ya tauna kanumfari, ya sha jiƙon kanwa, ya goge haƙora har dasashi ya yi jini. Wani likita a Agadas ya ce haƙoran lafiya lau, daga ciki abin yake tasowa. Ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya rage shayi, ya daina kwanciya da zarar ya ci. Ƙwayoyin dai ya shanye su. Shayi kuwa, wa zai raba mutumin Timiya da shi?

"Tsoho, ɗan juya can," Tekna takan ce tana dariya. "Na yarda mu mutu tare, amma ba sai ka riga ka kashe ni ba."

Haka ya yi rayuwarsa, nesa-nesa da jama'a. Lambu ne wurin hutunsa. Da la'asar yakan jingina da gindin rumman, ruwa na tafiya a hankali tsakanin itatuwan lemo, ya lumshe ido ya ga kansa a tsakiyar taro, fuska a buɗe, yana ba da labari, mutane na matsowa kusa don kada kalma ta wuce su. Sai gyatsa ta farkar da shi.

Ana nan aka kawo musu jikarsu Tahiya, bayan rasuwar uwarta. Sanƙarau ya tafi da jinta tun tana koyon magana. Yarinya ce mai wayo: ta zuba wa bakin kakarta ido, ta gane an ce zo, an ce ci, an ce bari. Amma maza ba ta gane musu komai. Ta kalli Bazo kamar mai kallon ƙofa a rufe. Idan ya miƙa mata rumman sai ta ruga bayan zanin Tekna. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don ita ce kaɗai abin da 'yarsa ta bari.

"Ita fa a wurinta maza ba su da baki," in ji Tekna. "Nuna mata naka."

"Kin san abin da kike faɗa kuwa? Ke da kika fi kowa sani?"

"Na sani mana. Shekara nawa ina shaƙa, na mutu?"

Bazo ya ƙara ɗaure ƙyallensa. Wanda ya daɗe da sabawa da kai zai yi haƙuri, amma yaro ba ya ɓoye ƙyama, kuma in ta guje shi a kan wannan, ya san ba ta ƙara dawowa.

Wata la'asar Tekna ta kawo masa fura da dabino lambu, Tahiya na biye da ita, ta ce ta manta ludayi, ta tafi ta bar yarinyar a bakin ruwa. Bazo ya daɗe yana kallon ƙeyarta. Sannan ya zo ya tsuguna gabanta, ya ja amawalin ƙasa. Iska ta taɓa haɓarsa, sanyin ya ba shi mamaki.

Tahiya ta yi tsaye cak. Ta matso, ta shafa farin gemun, ta taɓa leɓɓan da yatsa, kamar tana son ta tabbatar na gaske ne. Ya nuna ƙirjinsa, ya ce a hankali, "Kaka."

Warin ya same ta. Ta yamutse fuska ta ja da baya. Zuciyarsa ta yanke, hannunsa ya kama hanyar mayar da ƙyallen.

Sai ta toshe hanci da hannun hagu, ta sa na dama ta fizge amawalin ƙasa, ta kafa wa bakinsa ido, nata leɓɓan na motsi suna gwadawa. Ta girgiza masa gemu, alamar ya sake faɗa.

"Kaka," ya ce, hawaye na bin kumatunsa. "Kaka ne, amaryata."

Ba ta saki hancin ba, ba ta kuma saki gemun ba.