Kwamfutar Wendell Marar Fanka

Maƙwabcina Wendell Pruitt ya tsufa yana aiki a masana'antar ƙarfe ta Toledo, ya fito da kunnen hagu a mace. Da ya yi ritaya sai ya dage shi zai haɗa kwamfutar kallon fim da hannunsa, wadda ko tari ba ta yi. Ya cire fankokinta kaf, ya ɗaura mata faffaɗan ƙarfe mai shanye zafi.

'Yarsa Darlene ta kwashe da dariya. "Baba, kai da ba ka jin ƙararrawar ƙofa, fanka za ta dame ka? Sayi ta kanti mana!"

Ya daki tebur. "Ke, rufe min baki! Injuna sun cinye kunne ɗaya. Wanda ya rage nawa ne, fanka ba za ta ɗanɗana ba."