Ranar da ƙafata ta huda rufin ɗakin Inna

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba na jin zan manta da wata ranar Asabar da na tashi yi wa mahaifiyata abin kirki, na ɓuge da raba ta da ɗakinta.

A lokacin ina koyar da lissafi a wata firamare a Kiru, ban daɗe da fara aiki ba, ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro lambobi. Ɗakin Inna a Badafi kuwa yoyo yake tun daminar da ta wuce. Na bugi ƙirji na ce kafin ruwan farko ya sauka zan sauya mata rufi.

Na je shagon wani dattijo mai sayar da kwanon rufi. Ya tambaye ni geji nawa nake so, wato lambar da ake gane kaurin kwano da ita. Ya ce akwai ashirin da takwas, akwai talatin, akwai talatin da huɗu. Ko taɓa kwanon ban yi ba, na ce a ba ni talatin da huɗu, ai Inna ta cancanci mafi kauri.

"Malam," in ji shi, "a sana'armu in lamba ta hau, kwano sirancewa yake. Ashirin da takwas shi ne mai kaurin."

Na yi masa irin murmushin da nake yi wa ɗalibi in ya kwafsa. "Baba, lissafi fa nake koyarwa. Tun yaushe ashirin da takwas ta fi talatin da huɗu?" A raina na ce so yake ya maƙala mini wanda ya yi kwantai. Ya dube ni ya ce Allah ya ba da sa'a.

Da na isa gida da kwanon, kafintan da na ɗauka ya riga ya yaye tsohon rufin, katifar Inna da buhunan irin masararta duk suna tsakar gida. Ya ɗaga falle ɗaya ya girgiza, kwanon ya yi ta rawa a hannunsa.

"Malam, wannan ko zakara ya taka sai ya lotsa."

Na ce ya buga kawai. Da ya rufe rabi, sai na ga bai kamata in bar maganar nan ta wuce ba. Na tattare riga na hau tsani, maƙwabta suna kallo, na tsaya tsakanin katako biyu na buga ƙafa da ƙarfi don ya ga inganci. Ban ankara ba sai ji na yi na nutse har cinya.

Ashe Inna tana ciki tana share ƙasar da ta zubo. Sai ga ƙafa ta leƙo mata daga sama, babu takalmi.

"Innalillahi! Ƙafar wa ce wannan?"

"Inna, ni ne."

"To ɗan nan, ƙofar ce ta yi maka kaɗan?"

Kafinta ya jawo ni yana dariya har da hawaye. Ni ma na fara dariyar dole, sai ga hadari ya haɗo daga gabas. Kafin la'asar ruwa ya sauka. Matan maƙwabta suka taimaka aka tsere da irin masarar, amma katifa ta sha ruwa, ɗakin kuwa ya zama tafki.

Kwana tara Inna ta yi a ɗakin maƙwabciyarta kafin a samo kwano mai kauri a sake rufin. Ganin tsohuwar nan ta ɗauki tabarma da buta ta fita daga gidanta ya fi ciwon cinyata zafi. Ba ta yi mini faɗa ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya ƙara mini kunya.

Tun daga ranar na san kowace sana'a da irin ƙirgenta. In mai aikin hannu ya ce mini abu kaza ne, shiru nake yi in saurara, domin na ga yadda girman kaina ya kwantar da uwata a ɗakin aro.