Girar Dattijo a Teburin Foka

Da la'asar nake shiga kulob ɗin 'yan fansho na unguwarmu a birnin Plovdiv, in sha gahawa, in miƙe ƙafa. Yau akwai baƙo a teburin kartar foka, inda ake zuba busasshen wake maimakon kuɗi. Dattijo ne dogo, kwat ta yi masa yawa. A gefensa akwai 'yar takardar da ya rubuta wace karta ke cin wacce, har ta yi laushi don ninkewa.

Dokokin kam ya haddace, ladabin teburin ne ke ba shi wuya. Yana tura wakensa tun layi bai zo kansa ba. In karta ta yi masa kyau, sai ya ɗaga wa Tsvetan gira, mutumin da ke zaune yana fuskantarsa.

"Baba, ni kake yi wa gira?" in ji Tsvetan. "Ai ba kartar belot ake yi ba, balle ka yi wa abokin wasa ishara! Nan babu biyu-biyu, kowa tasa ta fisshe shi."

Ana ta dariya, ni na kasa. Irin wannan girar shekara arba'in ake koyonta, a teburin kicin, da mutum ɗaya a gabanka. Zoben aurensa kuwa ya koma hannun hagu, yadda waɗanda matansu suka rasu ke yi a ƙasar nan.

"Na sani, ɗana," in ji dattijon a gajiye. "Shi ya sa na bar belot."

Ana sake rabon karta. Yana duba tasa, yana ɗago kai, girar tana tashi da kanta.